Ƙofar Ɗakin Bakwaini

Litinin, 4 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Kujerun sun iso. Guda biyu ne masu jingina, ɗaya ƙafarta na rawa, na cusa mata kwali. Shekara tara ina aikin nas a ɗakin bakwaini na asibitin nan, sai yau na ga kujerar da aka ajiye domin uwa.

Sati uku na yi a birnin Cluj ina kwas, na dawo da jaka cike da takardu. Abin da binciken ke faɗa ba shi da wuya. Bakwainin da uwarsa ke rungumarsa fata da fata ya fi saurin ƙiba, numfashinsa ya fi daidaita, ita kuma ba ta tsoron ɗaukarsa ranar sallama. Mu a nan ta gilashi uwa ke kallon ɗanta a kwalba, minti goma sha biyar, ƙarfe uku na rana, kamar mai leƙen kaya a shago. Dokta Pintilie, shugaban sashenmu, shafin farko kawai ya karanta ya ce, "Sati shida, Otilia. Ƙwayar cuta ɗaya ta shigo, kujerunki su koma sito."

Tanti Veturia, tsohuwar nas ɗinmu, ita ce ta ɓata mini rai. Shekararta talatin da huɗu a ɗakin, ita ta koya mini sa wa jariri robar hanci. Ta dubi kujerun ta ce, "Da wa za ki fara?"

"Da na uku, jaririn kwalba ta uku."

"Ƙofar za ki buɗe wa uwarsa?"

"To ta taga za ta shigo, Tanti?"

Ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce, "Mutanen ƙauye ba su je Cluj ba, 'yata." Ta koma kan aikinta. Hassada ce, ba wani abu ba. Tsohuwa ba ta son a zo mata da abin da ba ita ta ƙirƙiro ba.

Na uku: giram 1,180.

Talata, 5 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Larisa ta zo, uwar na uku. Shekararta ashirin da biyu, mijinta Dorel yana aikin gini a Italiya, tana zaune da uwarsa. Talata da Juma'a take hawo ƙaramar bas, kilomita sittin, da nononta a 'yan robobin da muka ba ta, naɗe cikin tawul. Yaron ranar Waliyyi Dumitru aka haife shi, yana sati ashirin da tara. Kowa ya san sunan da zai ci, amma ba mai furtawa kafin baftisma, shi ya sa har ita "na uku" take ce masa. Jan zaren da ta kawo don tsarin baki yana manne a bayan kwalbar.

Ta ɗora goshinta a gilashi har lokaci ya cika. Bakina ya yi ta ƙaiƙayi, amma likita bai sa hannu ba tukuna, na haɗiye.

Laraba, 6 ga Nuwamba, ƙarfe ɗaya na rana

Ya sa hannu. Na kira wayar Larisa, sai surukarta ta ɗauka, Mama Profira. Wai Larisa tana wajen kaji.

Na ce, "Mama, ki gaya mata ranar Juma'a ta sa riga mai maɓalli a gaba. Za mu buɗe mata ƙofa, ta shigo ta ɗauke shi."

Sai da na duba ko wayar ta katse.

"Ƙofar ciki?"

"Ita."

"Ta ɗauke shi a hannu?"

"A ƙirjinta ma. Iya son ranta."

Na ji ta ja numfashi, ta kira ni Doamna, wato uwargida, ta ce, "Allah ya saka miki, Doamna, da kika faɗa da wuri." Ta kashe.

Farin ciki ne ya hana ta magana. Na sayi kek na kai ɗakin hutu, Tanti ta ce ba ta cin zaƙi.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, ƙarfe uku da rabi na yamma

Ba ta zo ba. Giram 1,260.

Asabar, 9 ga Nuwamba, ƙarfe goma na safe

Wayar a kashe. Wataƙila bas ce ta lalace, ta saba. Nonon da ke firji zai kai Litinin.

Litinin, 11 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

A kashe. Robar ƙarshe ta ƙare da hantsi, mun koma madarar gwangwani. Na yi wa uwar na biyar tayin kujera, tun da ita tana kusa. Matar nan ta riƙe ƙarfen gilashi da hannu biyu, fuskarta ta yi fari fat, tana cewa, "Jiya kuka ce yana lafiya! Jiya kuka ce!" Sai da Tanti ta fito ta rantse mata da gicciyen wuyanta sannan ta saki.

Tanti ta wuce ni, ko kallona ba ta yi ba. Da ta zage ni ya fi mini.

Talata, 12 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

Zan rubuta yadda aka yi, ba ƙari.

Ƙarfe uku Mama Profira ta zo ita kaɗai, cikin baƙin kallabi. A hannunta akwai kyandir, da farin ƙyalle a ninke, da ƙaramin akwatin katako wanda bai fi na takalmi ba. Ba ni ta nema ba. Ta tsaya gaban Tanti ta ce, "Doamna Veturia, kin gane ni?"

Tanti ta ce, "Na gane ki. Da bazara ne, mace ce."

"Shekara ashirin da tara. Na zo karɓar na ɗana."

Na ce, "Karɓar wa? Mama, ga shi can yana motsi!"

Ta juya ta dubi gilashin. Na uku ya ɗaga ƙafa a daidai lokacin. Akwatin ya suɓuce daga hannunta, ƙararsa ta cika barandar.

A ɗakin hutu muka zaunar da ita. Ta ce duk ƙauyukan da ke bayan dutse sun san ƙofar nan. Ba a buɗe wa uwa ita sai in ɗa zai tafi. A ba ki minti goma, ki riƙe shi, a karɓe. Ni ma na sani. Sau nawa na tsaya a gefe ina riƙe da tawul? Amma na ɗauka sirrinmu ne na ma'aikata, ban taɓa tunanin matan da suka fita ta ƙofar suna da baki ba, suna da 'ya'ya da surukai.

Ta ce, "Ni na shiga, Doamna. Har yau nauyinta yana hannuna, in na ɗauki bulo ɗaya na burodi sai na ji shi. Na ce yarinyar nan ba za ta ɗauki wannan kayan ba. Sai na ce mata an kira, ya riga ya tafi."

"Kika ce mata me?"

"Na kashe wayar na ɓoye. Na ɗaure mata ƙirji da ganyen kabeji don nonon ya kafe. Ta kwance, na sake ɗaurewa, ta sake kwancewa."

Tanti ta ce, "Yanzu tana ina?"

Tsohuwar ta dubi hannuwanta. Ranar Lahadi da ta dawo daga coci ta tarar da ɗakin ba kowa. Rigar sanyi ce kawai babu. Ta ɗauka wajen 'yar'uwarta ta tafi huce haushi, ashe ba ta je ba.

Na so in shaƙe matar nan. Sai na tuna wa ya buga waya.

Laraba, 13 ga Nuwamba, ƙarfe sha ɗaya na safe

Dorel ya kira daga Italiya yana ihu. Shi ma mutuwar aka gaya masa, har ya sha kukansa. Larisa ba ta wurinsa. Maigidansa ya ce ba zai sake shi ba sai ƙarshen wata.

Ɗan sanda ya zo ya rubuta. Ya tambayi tsawonta, da kalar rigar, da ko ta taɓa yin irin haka. Tambayarsa ta ƙarshe ba zan rubuta ta ba.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Dokta Pintilie bai ɗaga murya ba. "Ƙwayar cuta na ce miki, ashe ban yi tunani da nisa ba." An dakatar da shirin. Masu shara sun zo ɗaukar kujeru, suka tarar Tanti ta baje a kan mai rawar tana cika takarda.

"Doamna Veturia, an ce mu kai sito."

"Ku kai ni tare da ita. Gwiwata ta ƙi, ko likita ne zai ara mini tasa?"

Suka tafi da ɗaya. Ban san me take nufi ba, ban kuma tambaya ba, don ba ma magana.

Giram 1,310. Ya mayar da madara sau biyu.

Juma'a, 15 ga Nuwamba, ƙarfe uku na rana

Azumin Kirsimeti ya kama, kantin asibiti ba komai sai wake. Na tsaya a gilashi daga ciki ina ƙirga matan da suka zo. Biyar. Wurin da take ɗora goshi ba wanda ya tsaya.

Kogin garin nan bai daskare ba tukuna, duk na tuna Larisa sai na tuna shi.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, ƙarfe tara na safe

Cikinsa ya kumbura, yana sheƙi. An tsayar da abinci, sai ruwa ta jijiya da allurai. Likita ya ce hanjin bakwaini ba ya son madarar gwangwani, kamar ni ce ban sani ba. Yana cikin takardun da na kawo, shafi na tara. Na ja layi a ƙarƙashinsa da jan biro tun a Cluj.

Litinin, 18 ga Nuwamba, ƙarfe biyu na rana

Giram 1,280.

Talata, 19 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Kofin ya fito.

Tanti tana da wani ɗan kofin gilashi a aljihun tebur. In fada, limamin coci, ba zai iso a kan lokaci ba, ita ke yi wa jariri baftisma da kanta, ɗigo uku a goshi. Yau na gan shi a kan kanta, daura da kwalba ta uku, da ruwa a ciki.

Na ce, "Ɗauke shi."

"Ajiyewa kawai na yi."

"Tanti, ki ɗauke shi, ko in fasa shi."

"Fasa. Akwai sirinji." Ta dube ni ta saman tabarau. "Ke kin iya karatu, 'yata, ni na iya wannan. Bar wa kowa nasa."

Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada a ji ni.

Laraba, 20 ga Nuwamba, ƙarfe takwas na safe

An sami rigar sanyi a bakin gada. Ta namiji ce. Ɗan sandan da kansa ya kira ya gaya mini, wai don hankalina ya kwanta.

Alhamis, 21 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Dusar ƙanƙara tun safe. Mama Profira kullum tana baranda, ƙarfe uku, tsaye a can ƙarshe inda ba ta tare wa kowa. Ba ta matsowa gilashin. Yau ta kawo mana tuwon masara da naman kaza a kwano, ba wanda ya taɓa. Da zan wuce ta kama hannun rigata.

"Doamna, in ya tafi, ni na kashe shi ko?"

Na so in ce e. Wallahi na so. Na ce, "Mu biyu ne, Mama." Ta saki rigar.

Giram 1,250. Kofin yana nan.

Juma'a, 22 ga Nuwamba, ƙarfe ɗaya na rana

Tanti ce ta fara magana, muna wanke hannu.

"Akwai gidan zuhudu na mata a saman dutse. Coci ba ta karanta sunan yaron da ya tafi ba baftisma, amma can akwai wata tsohuwar sista da ke yi musu addu'a, kwana arba'in. Uwa ta zauna ta yi musu aikin kicin."

"Ya aka yi kika sani?"

"Ni nake tura su. Wa kike tsammani?" Ta murza famfo ta rufe. "Matan ƙauyen sun san hanya, a bakinsu za ta ji. Na kira sau uku, sun ce ba sa faɗin sunan baƙi a waya."

"Tun yaushe kike tunanin haka?"

"Tun ranar akwatin. Ban faɗa ba don kada ki ɗora rai, in ba ta can ki rushe mini a tsakiyar aiki. Gobe hutuna."

Na ce ni zan je, ni na ɓata. Ta yi tsaki. "Ke? Muryarki ce ta ce ƙofa. Ni kuwa duk bayan dutsen nan sun san ban taɓa yi wa uwa ƙarya ba, don ban taɓa kai musu labari mai daɗi ba. Ba ni wayarki, tawa ba ta hoto."

Na ɗauki na uku a bidiyo, na faɗi ranar yau da ƙarfi. Bai ko motsa ba, sai ƙirjin da ke hawa da sauka.

Asabar, 23 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

Bas ta tsaya a gindin dutse, hanya ta toshe. Direban ya ce ya ga tsohuwa ta kama hawa da ƙafa. Kilomita huɗu ne, da gwiwar nan tata.

Lahadi, 24 ga Nuwamba, ƙarfe sha biyu na rana

Ba labarin Tanti. Numfashinsa ya tsaya sau biyu da safe, na shafa tafin ƙafarsa ya dawo. Ruwan kofin ya ragu, na ƙara. Ni da hannuna. Ban san lokacin da na yi ba.

Litinin, 25 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai na yamma

Sun iso ƙarfe biyu da rabi, a motar itace. Tanti tana jan ƙafa, Larisa tana riƙe da ita. Ta rame har na kusa ban gane ta ba, hannuwanta duk sun tsage da wanke-wanke. Surukarta ta taso, Larisa ta bi ta gefenta kamar ginshiƙi ne.

Daga baya Tanti ta gaya mini bidiyon bai yi aiki ba, yarinyar ta ce tsoho ne. Abin da ta ce mata kawai shi ne, "Yana da rai yau. Gobe ban sani ba. In kin tsaya nan, kina yi wa rayayye addu'ar matattu."

Na je wurin Dokta Pintilie. Ya daɗe yana duban takardar na uku, ya cire tabarau ya murza ido. "Buɗe mata," ya ce. "Ko don naki dalilin, ko don na Veturia. Ni kaina ban san wanne ba ne."

Ni ma ban sani ba. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Sati uku ina rantsuwa ƙofar nan ba ta bankwana ba ce, yau da zan buɗe ta ba zan iya rantsewa ba.

Ƙarfe uku ya yi, matan sun jeru a gilashi. Na murɗa hannun ƙofar. Uwar na biyar ta yi alamar gicciye, sauran suka bi, wata ta fara kuka ƙasa-ƙasa. Larisa ta tsaya a dokin ƙofa.

Tanti ta ce, "Shiga, 'yata, kina sa mana sanyi."

Ta wanke hannu har gwiwa. Rigar da ke jikinta ta aro ce daga sistoci, baƙa, maɓalli tun daga wuya. Ta zauna a kujera mai rawa. Ni da Tanti muka ɗago shi da wayoyinsa da robobinsa, muka kwantar a tsakanin nonuwanta, muka rufa bargo. Gaban rigar ya jiƙe. Ashe duk kwanakin nan tana tatsa a bayan kicin tana zubarwa a ƙanƙara, ta ce ta kasa bari ya kafe.

Ba ta dube shi ba, agogon bango take kallo.

"Minti nawa nake da su, Doamna Otilia?"

Ni ma na dubi agogon. Tanti ta ja ƙafarta ta je ta tsaya a ƙarƙashin agogon, ta ce, "Wannan ya lalace tun bara. Zauna."

Lafiyarsa ƙalau, agogon. Ƙarya ta farko ke nan da na taɓa ji a bakinta.

Minti goma suka wuce, ba wanda ya zo karɓa. Na ga kafaɗunta sun sauka kaɗan. Ashirin. Sai ta sunkuyar da kai, ta sa hanci a gashinsa, ta ce, "Mitu. Mitu, ni ce." Ba fada, ba ruwa, ta kira sunan, Dumitru a taƙaice. Idona yana kan na'ura. Layin bai yi wani abin mamaki ba, ya dai tafi daidai, awa biyu cur numfashin bai tsaya ba ko sau ɗaya. Cikin yana nan a kumbure. Likita ya ce kada in rubuta komai a rahoto tukuna.

Matan ba su tafi ba. Lokacinsu ya cika tun tuni, ba wanda ya tuna ya kore su. Suna jiran su ga yadda za ta fito, don sun san yadda ake fitowa.

Ƙarfe biyar muka mayar da shi kwalba. Ta tatsa roba ɗaya, bai kai rabi ba, na rubuta "na uku" a jiki, ta karɓi biron ta gyara. Ta ɓalla maɓallanta ɗaya bayan ɗaya har wuya. Ta fita, ta yi taku biyu a baranda, sai ta juyo, a gaban matan duka da surukarta.

"Doamna Veturia, gobe ƙarfe nawa?"

Tanti ta tsaya riƙe da ƙofa. Shekara talatin da huɗu, ba wadda ta taɓa fita ta nan ta yi mata wannan tambayar, ba ta da amsarta a ajiye. Ta juyo ta dube ni.

Na ce, "Bakwai na safe."

Talata, 26 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai saura kwata na safe

Giram 1,245. Kofin yana kan kanta, ban taɓa shi ba.

Tana bakin ƙofa. A bayanta uwar na biyar ce, da riga mai maɓalli.